Ihun da na yi a Twickenham

Ni a gidan kallon ƙwallon ƙafa na girma. Kafin in zo Ingila karatu, abin da na sani game da zari-ruga bai wuce cewa wasu ƙarti ne ke kokawa a kan ƙwallo mai siffar ƙwai ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ya haura shekara ashirin a Landan, shi ya ja ni ciki. Shi ma ɗansa ne ya ja shi. Yaron ya shiga ƙungiyar unguwarsu tun yana firamare, Kawu ya yi ta kai shi atisaye duk Lahadi har abin ya shiga jininsa. A lokacin da nake ba da labari ƙanen nawa yana da shekara 17, gajere ne kakkaura, wuya kamar turmi, kuma a sahun gaba yake buga wasa, wato cikin mutum ukun nan da ke haɗa kai da abokan hamayya idan an zo turereniya.

Ranar Asabar 26 ga Nuwamba, 2022, Kawu ya samo mana tikiti uku na wasan Ingila da Afirka ta Kudu. Da na ga kuɗin da aka rubuta a jiki sai da na juya shi zuwa naira a zuci, na yi shiru. Mun hau jirgin ƙasa daga Waterloo, muka sauka a Twickenham, inda filin wasan yake, muka bi ayarin mutane a ƙafa. Mazauna titin sun kafa rumfuna a ƙofar gidajensu suna sayar da abinci, 'yan Afirka ta Kudu kuma suna ta gasa nama, ga busasshen namansu da suke kira biltong, ɗan'uwan kilishi amma babu ƙuli babu yaji irin namu. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu a wannan watan, don haka muka sami wani lungu muka yi Magariba kafin mu shiga. Ƙarfe biyar da rabi aka take wasa.

Ya kamata a san halin da 'yan kallon suka zo da shi. A farkon watan Ajantina ta zo har gida ta ci Ingila 30 da 29. An lallasa Japan 52 da 13, amma ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai. Mako guda kafin zuwanmu New Zealand tana gaba da 25 da 6, Ingila ta farko a mintuna goman ƙarshe aka tashi 25 da 25. Ga kuma tsohon miki: Afirka ta Kudun nan ce ta doke su 32 da 12 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2019 a Yokohama. Kai, ko daren jiya ma, a Katar, 'yan ƙwallon ƙafar Ingila sun yi canjaras babu ci da Amurka, magoya bayansu sun yi musu ihu. Filin yana cin mutum 82,000, kuma kusan kowa ya zo da guntun haushinsa a aljihu.

Ni dai Maro Itoje, ɗan wasan Ingila, na zo gani. Iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma ko ba komai, idan ka ga naka a cikin farar riga a tsakiyar wannan fili sai ka ji wani abu.

Wasan ya fara ne kamar motar da ta kwana cikin sanyi. A buga sama, a cafe, a sake bugawa sama. A tsaya a shirya turereniya, ta rushe, alƙali ya busa, a sake shiryawa. Owen Farrell, kyaftin ɗin Ingila, wanda ƙafarsa ce abin dogaro, ya zubar da bugun tara har biyu da ba su da wani nisa. Layinmu kuwa ba a minti biyar sai mun miƙe mun ba wani hanya ya wuce da kofunan giya. Sai wajen rabin sa'a abin kallo ɗaya ya faru, kuma ba Ingila ce ta yi shi ba. Damian Willemse ya cafe ƙwallo can kusa da gidansu, ya zille wa mai binsa, ya haɗa da Willie le Roux, ƙwallo ta isa hannun Kurt-Lee Arendse, ɗan siririn nan mai hular kariya. Marcus Smith, mai lamba goma na Ingila, shi kaɗai ya rage a gabansa. Arendse ya yi kamar zai bi nan ya bi can, Smith ya kama iska, shi kuwa ya je ya dire ƙwallo a bayan layi, wato ya ci maki. A gabanmu aka yi, har ina ganin ciyawar da takalmin Smith ya tona. Aka tafi hutun rabin lokaci 14 da 3.

Daga nan na yanke hukunci. Na ce wa Kawu wannan mai lamba goma shi ne matsalar. Shi ke karɓar ƙwallo, shi ke buga ta sama ba dalili, shi aka wuce kamar an wuce turke. Wani dattijon Bature a bayanmu yana ta ambaton sunan Farrell da kalmomin da ba zan maimaita ba, wani kuma a gefe ya ce koci Eddie Jones ya tattara nasa ya nasa. Kowa da wanda ya kama. Ƙanena bai ce uffan ba. Ya sayi 'yar rediyon nan da ake sayarwa a filin, wadda ake saƙalawa a kunne a riƙa jin abin da alƙalin wasa ke faɗa wa 'yan wasa, ya dafe ta da hannu ɗaya, idonsa na can inda ba ƙwallo.

Da aka dawo, Jones ya canza sahun gaba gaba ɗaya, mutum uku a lokaci guda. Ni ban ma lura ba sai da yaron ya taɓa ni. Bai hana komai ba. Willemse ya sake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa ya ɗaɗa ta tsakanin sanduna, karo na biyu ke nan. Aka ba Tom Curry katin gargaɗi ya fita na minti goma, Eben Etzebeth ya kutsa ya dire, Faf de Klerk ya ƙara daga nesa, allo ya nuna 27 da 6. Wajen minti na 60 aka ba Thomas du Toit jan kati saboda ya afka wa Luke Cowan-Dickie ta sama. Minti ashirin cur Ingila tana da mutum 15, baƙi suna da 14, amma abin da ta iya samu shi ne direwa ɗaya tak ta hannun Henry Slade. An tashi 27 da 13. Tun kafin nan kujeru sun fara yin fari, mutane na sauri su riga cunkoson jirgi.

Da alƙali ya busa tashi sai ihun ya taso, irin mai kauri da Turawa ke yi daga ƙirji. Na tsinci kaina a tsaye, na kewaye baki da tafin hannu ina yi da su. Har na ƙara da namu na gida, na ce ba ma yi, na kira sunan Smith sau biyu. Gaskiya na ji daɗinsa a lokacin. Sanyi ya ci ƙafata, kuɗin Kawu sun tafi, kuma ga dubban mutane muna faɗin abu ɗaya.

Kawu yana da wata al'ada. A jirgin komawa yakan ciro biro ya ba kowane ɗan wasa maki cikin goma a bayan takardar shirin wasa. Ranar ya miƙo mini ya ce, "To ɗana, yau kai ne alƙali." Na ba Smith biyu, na ba Farrell uku, na ba Itoje bakwai saboda namu ne. Da na zo kan masu lamba ɗaya, biyu da uku, wato 'yan sahun gaba, na rasa abin rubutawa, don ban tuna na ga sun yi komai ba, sai na ba kowannensu biyar. Ƙanena ya leƙo ya kalli takardar, ya ce da Hausarsa ta 'yan Landan, "Yaya, kai ƙwallo ka kalla. Ba ka kalli wasan ba."

Na ji zafin maganar, yaron da aka haifa a gabana. Amma washegari bayan Azahar ya zaunar da ni gaban talabijin muka maimaita wasan, na'urar tsayarwa a hannunsa.

Duk inda aka zo turereniya sai ya tsayar. Mutum takwas nan, takwas can, kowane ɓangare nauyinsa ya doshi kilo 900, kuma duk wannan nauyin ta wuya da kafaɗun mutum uku na gaba yake bi. Ya ce in manta da ƙwallon, in kalli ƙafafu da bayan Frans Malherbe, mai lamba uku na Afirka ta Kudu, da Ox Nché a ɗaya gefen. Bayansu a shimfiɗe kamar tebur, ƙugu a ƙasa, ƙafa ta kafe. Ya nuna mini yadda ɗan taku ɗaya da baya, ko gwiwar hannu da ta karkata ƙasa, ke isa alƙali ya ɗaga hannu. Har ya tashi ya sa ni na durƙusa a tsakar falo, ya cusa kansa ƙarƙashin ƙirjina ya ɗan taso. Ban san lokacin da na ce wayyo ba. Matar Kawu ta leƙo daga kicin ta ce kada mu fasa mata tebur.

Sannan ya bi da ni abin da ke biyo bayan busa ɗaya. An ba ku bugun tara, ku buga ƙwallo waje can gaba, ku ci mita talatin ko arba'in ba tare da kowa ya yi gudu ba, kuma ku ne za ku jefo ta. Ku cafe, ku dunƙule ku tura, abokan hamayya su sake yin laifi don su tsayar da ku, a sake busawa. Maki uku, ko kati, ko duka biyun. Shi kuwa mai lamba goma na ɓangaren da ake turawa, ƙwallo tana iso masa a makare, yana ja da baya, ƙarti uku sun riga sun taso masa. Ya tsayar da hoton a daidai lokacin da Smith ke karɓar wata ƙwallo, ya ce in ƙirga riguna kore da ke gabansa, in nuna masa inda ni zan bi. Na duba, na duba. Babu.

Ban canza ra'ayina a kan wasan ba, kuma har yau ban canza ba. Ya yi muni. Arendse ya wuce Smith, Farrell ya zubar da maki shida, waɗannan ba turereniya ce ta jawo su ba. Ƙungiyar da ta ci wasa biyar kacal cikin 12 a shekara, mafi muni tun 2008, ba za ta ce a tafa mata ba, kuma wanda ya biya kuɗinsa ya sha sanyi yana da bakin magana. Abin da ya dame ni shi ne sunan da na kira. Idon ɗan kallo yana bin ƙwallo, don haka duk wanda ƙwallo ta ƙare a hannunsa shi ke ɗaukar laifin mutum goma sha huɗu. Na ba mutum biyu cikin goma a kan abin da aka ƙulla tun kafin ta iso gare shi, na ba waɗanda aka fi ƙarfinsu biyar-biyar don ban san aikinsu ba. Itoje ma da na ba bakwai, da aka tambaye ni me ya yi, sai inda-inda.

Ban kuma zaci ihun yana zuwa ko'ina ba. Kwana goma bayan wasan, ranar 6 ga Disamba, hukumar zari-rugar Ingila ta sallami Eddie Jones, mutumin da ya ci musu gasar Ƙasashe Shida sau uku, a 2016 da 2017 da 2020, ya kai su wasan ƙarshe na duniya, kuma ya ci kashi 73 cikin ɗari na wasanninsa, abin da babu kocin Ingila da ya taɓa yi. Saura wata tara a fara Kofin Duniya. Aka ɗauko Steve Borthwick. A watan Agusta na 2023 Fiji ta zo filin nan dai ta ci Ingila 30 da 22, karo na farko a tarihi. Farrell kuwa, wanda dattijon nan ya yi ta zagi a bayanmu, ya sha ihu a filayen Faransa a lokacin Kofin Duniyar, a daidai gasar da ya karya tarihin Jonny Wilkinson na yawan maki wa Ingila. A ƙarshen Nuwamba na shekarar ya ce ya dakata da buga wa ƙasa wasa don lafiyar hankalinsa da ta iyalinsa. Da na ji labarin, tafin hannuna a bakina na tuna.

Wasan kusa da na ƙarshe na gasar, ranar 21 ga Oktoba, 2023, a falon Kawu muka kalla. Ingila da Afirka ta Kudu kuma, a birnin Paris, ana ruwa. Ingila tana gaba 15 da 6, duka makin daga ƙafar Farrell, Kawu har ya fara maganar tikitin wasan ƙarshe. An riga an sako Nché daga benci. Turereniya ta farko da na gani bayan shigowarsa, na kalli ƙafafun fararen riguna suna zamewa, sai na ji cikina ya ɗuri ruwa. Na ce, "Kawu, akwai matsala." Ya ce in rufe masa baki. RG Snyman ya dire, aka koma 15 da 13. Saura minti biyu da 'yan kai aka sake haɗa kai kusa da tsakiyar fili, alƙali ya ɗaga hannu, Handré Pollard ya ajiye ƙwallo ya aika ta tsakanin sanduna, 16 da 15.

Kawu ya daɗe yana kallon allon. Can ya laluba ya ɗauko biro da bayan wata ambulan, ya miƙo mini. Na karɓa na miƙa wa ƙanena.