Tara Ƙananan Bindigogin Yaƙin Duniya da Karanta Shaidar da Ke Jikinsu

Sha'awar tara ƙananan bindigogin soja na da ta shige ni ne bayan zama ya kawo ni Ingila, kuma tushenta shi ne tarihin yaƙin Bama, wanda na tashi ina jin labarinsa a bakin dattawan unguwarmu da suka sa kaki a zamanin Turawa. Na so in riƙe wani abu na wancan zamanin a hannuna, in juya shi, in karanta abin da ke rubuce a jikinsa, maimakon in tsaya a kan hotunan da ke cikin littattafai.

Kafin ƙarfe ko ɗaya ya shigo gidana sai da na zauna na fahimci doka. Bayan kisan da aka yi wa yara 16 da malamarsu a makarantar garin Dunblane da ke Scotland a 1996, Birtaniya ta haramta wa yawancin jama'a mallakar ƙananan bindigogi a 1997. Hanyar da na bi ita ce sayen waɗanda aka kashe aikinsu, wato aka toshe bututunsu aka lalata allurar da ke dukan harsashi ta yadda ba za su sake tashi ba, sannan gidan gwajin bindigogi na Landan, ko kuma na Birmingham da aka kafa tun 1813, ya duba su ya buga musu hatimi ya ba da takardar shaida. Raina yana sosuwa duk lokacin da na ga walda a cikin bindigar da ta haura shekara 100, amma na yarda da dalilin dokar. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da sauran ƙananan bindigogi cikin jerin makaman da aka haramta, har da masu ƙanƙara na da, don haka wannan sha'awa ba abin da mutum zai ɗauka ya kai gida ba ne.

Ta farko da na mallaka ita ce Webley samfuri na shida, libarbar da sojan Birtaniya ya karɓa a 1915. Tana cin harsashi shida masu faɗin .455 na inci, nauyinta ya ɗan zarce kilo ɗaya, kuma ana karya ta ne daga sama, kwanson harsasan duka su fito a lokaci guda, abin da ya sa hafsan da ke cikin ramukan yaƙi a Faransa ya iya sake ɗura ta da sauri ko da cikin duhu ne. A gindin ƙotarta akwai zoben da ake ɗaura igiya a rataya a wuya don kada ta faɗi cikin taɓo. Ita ce ta koya mini karatun tambari. Ƙaramar alamar kan kibiya tana nufin kayan gwamnati ne, kibiya biyu da suka haɗa kai kuma suna nufin soja ya sallame ta an sayar wa jama'a. Akwai shekarar ƙira, akwai kambin sarauta da lambar mai duba aiki, wani lokaci kuma har da harufan rundunar da aka ba ta. Da yawa daga cikin waɗanda aka kai Amurka bayan yaƙi an aske bayan gangar harsasansu don su ci harsashin .45 na can, kuma mai lura zai gane haka domin askin yakan cinye wani ɓangare na lambar da ke jikin gangar.

Waɗannan tambura su ne dalilin da ya sa masu tarawa suke ƙin bindigar da aka goge ta aka sake yi mata baƙin launi. Wanda bai saba ba yakan ruɗu da ƙyalli, alhali injin gugar da ya kawo ƙyallin shi ne ya shafe bakin harufa, ya mayar da kusurwoyi masu kaifi suka zama kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Koɗewar launi a bakin bututu da gefen ganga, inda kuben fata ya riƙa gogawa shekara da shekaru, shaida ce ta cewa wani ya rataya ta a ƙugunsa, kuma ni a wurina ta fi sabon launi daraja nesa ba kusa ba. Kamfanin Webley da kansa ya san aikin da ya yi wa samfuri na huɗu mai harsashin .38 a yaƙin duniya na biyu bai kai na lokacin zaman lafiya laushi ba, shi ya sa ya buga rubutu a jikinsu yana bayyana cewa gamawar lokacin yaƙi ce. Wannan kaushin yana ba da labarin gaggawar da masana'antun Birmingham suke ciki, kuma wanda ya goge shi ya share labarin.

Bindigar Jamus ta Luger, wadda sojansu ya karɓa a 1908, darasinta na lambobi ne: ana buga lambobi biyu na ƙarshe na lambar bindigar a kan ƙananan sassanta, saboda haka mai saye yakan bi su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar ba a haɗo ta daga gawarwakin bindigogi da yawa ba. Nambu ta Japan, samfuri na 14 da aka karɓa a 1925, ita ta fi kusa da zuciyata, domin irinta ce hafsoshin Japan suka riƙe a dazukan da sojojinmu suka ratsa. Ana rubuta kwanan ƙirarta da lissafin shekarun sarautar Sarki Hirohito, sai mutum ya ƙara 1925 a kan lambar farko, ta yadda 18.6 take nufin watan Yuni na 1943. Waɗanda aka ƙera daga 1939 suna da faffaɗan zobe a kewayen kunama, saboda sanyin Manchuriya, a arewa maso gabashin ƙasar Sin, ya tilasta wa sojoji sa safar hannu mai kauri.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne raba shaida da labari. A wuraren gwanjo da bajekolin kayan soja kusan kowace bindiga tana zuwa da tatsuniyarta, a ce an ƙwace ta daga hannun wani babban hafsa ko an tsince ta a wani sanannen fagen fama, kuma farashi yana hawa gwargwadon daɗin labarin. Ƙa'idata ita ce in biya kuɗin abin da ƙarfe da takarda suka tabbatar kawai. Hafsoshin Birtaniya na yaƙin duniya na farko da yawa da kuɗinsu suke sayen libarbarsu, wasu daga kantin haɗin gwiwa na sojan ƙasa da na ruwa da ke Landan, kuma littattafan cinikin kantin suna ajiye a Jami'ar Glasgow, inda lambar bindiga takan kai mai bincike ga sunan wanda ya saye ta. Idan kuma tambarin runduna ne a jikinta, sai a nufi ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew a Landan a karanta littafin da bataliyar ta riƙa rubuta al'amuranta na kullum.

A can ne na fahimci iyakar abin da nake tarawa. Ƙaramar bindiga makamin hafsa ce da wasu kaɗan masu ayyuka na musamman, kuma a rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma hafsoshin kusan dukansu Turawa ne. Kurtun da ya fito daga Kano ko Zariya ko arewacin Gana, wanda ya bi kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944 ya shiga garin Myohaung a watan Janairun 1945, doguwar bindigar Lee-Enfield da adda ya ɗauka, dubbai kuma kaya suka ɗauka a ka inda mota ba ta iya shiga, alhali da Hausa ake ba su umarni. Libarbar da ke akwatina tana nuna wanda ya ba da umarnin, su kuwa sai an bi takardu da sunayen barikoki irin su Chindit a Zariya da Dalet a Kaduna, waɗanda aka raɗa don tunawa da yaƙin Bama, kafin a iske sawunsu. Saboda haka kusa da kowace bindiga nake ajiye bayanin rundunar da ta yi aiki da irinta, tare da hotunan sojojin da na samu a gidajen tarihi.

Kula da su ba ya buƙatar kayan aiki masu yawa. Ba na barin bindiga cikin kubenta na fata, domin fata tana riƙe danshi kuma sinadaran jima suna cin ƙarfe. Ina sa safar hannu kafin in taɓa su saboda gishirin zufa yana barin tsatsa mai siffar yatsa, ina shafa musu kakin da gidajen tarihi suke amfani da shi, kuma ba na kusantar kan ƙusa da sukudireban da bai yi daidai da tsagarta ba. Kowace ɗaya tana da shafinta a littafina, inda nake rubuta lambarta da tamburanta da lambar takardar gidan gwaji a gefe guda, abin da mai sayarwa ya faɗa kuma a ɗaya gefen, tare da bayanin ko an tabbatar da shi.