Masu sharhi sun yaba, 'yan Agege sun tsallake

Waƙa takwas muka saka a kundin waƙoƙinmu, duk kiɗan kwamfuta ne. Bes ɗin, wato sautin ƙasa mai kauri, irin na amapiano ne, salon kiɗan Afirka ta Kudu, gudun kiɗan tsakanin bugu 110 da 115 a minti, muka ɗora kalangu da goge a kai. Masu sharhin da suka yi rubutu a kansa duk waƙa ta shida suka fi yabo, mai minti bakwai, wadda goge ke kuka shi kaɗai kusan minti guda kafin ganga ta shigo. Da muka duba alƙaluman sauraro, ita ce mutane suka fi tsallakewa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Mai sharhi zama yake yi da iyafis mai kyau, ya ji kundi daga farko har ƙarshe. Wanda ke cikin danfo daga Agege zuwa Oshodi a Legas kuwa, in bai ji ganga ba cikin daƙiƙa goma, sai ya danna ta gaba. Dandalin sauraron waƙoƙi na Spotify ba ya lissafa sauraro sai an kai daƙiƙa 30, don haka doguwar shimfiɗar nan asara ce tsagwaronta. Ni dai har yanzu ina ganin ta fi sauran daɗi.

Babban kuskurenmu a bes yake. Nauyinsa mun zuba shi a wajen Hz 50 zuwa 60 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramin adadi shi ne mai kauri), a sutudiyo har tagogi ke rawa. Sifikar waya kuwa kusan ba ta fitar da komai ƙasa da Hz 150. A kasuwar Alaba Rago na ba wani mai tura waƙoƙi fayil ɗin, ya kunna a wayarsa, ya kara a kunne, ya ce, "Maigida, wai ina gangar take?" Gyaran shi ne a ɗan ƙazanta bes ɗin yadda zai haifar da amo a sama, wajen Hz 200 zuwa 400, sai kunne ya cike sauran da kansa. Daga nan a haɗe sautin dama da hagu wuri guda a saurara, domin duk abin da ya ɓace a haka zai ɓace a waya. Yanzu ba ma sakin waƙa sai mun ji ta a ƙaramar waya da kuma sifikar mai shayi, janareta na ruri a gefe.

Sai batun ƙara. Mun matse sautin har ya kai -8 a ma'aunin ƙara na LUFS, alhali Spotify rage shi yake yi zuwa wajen -14. Ƙarar ta tafi, matsewar ta zauna, kalangu ya rasa kaifinsa. Amma fayil ɗin da ke yawo ta Xender, manhajar tura fayil daga waya zuwa waya, da memori babu mai rage masa komai, can mai ƙarar ne ke tashe. Shi ya sa muke fitar da kwafi biyu.

A miƙa waƙa ga editocin Spotify, masu zaɓen waƙoƙin da ke shiga jerin waƙoƙinsa, aƙalla kwana 7 kafin ranar fita, mu mako huɗu muke bayarwa. Kada dai a auna karɓuwa a wajen Hausawan Legas da Spotify kaɗai, manhajojin Audiomack da Boomplay da memori sun fi nuna gaskiya. Waƙa ta uku, wadda ba wanda ya ambata a sharhi, ita masu saka kiɗan biki a Idi-Araba suka yi ta nema, wai a ƙara musu ganga zalla a farkonta don su samu inda za su haɗa ta da wata.