Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Baƙin da Suka Zo Daga Bayan Dutse

A makon jiya mun tsaya inda Kaka ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa da niyyar sauke farali, guzuri ya yanke masa a Kasala ta gabashin Sudan, ya kama noman albasa a bakin kogin Gash. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san iyakar Eritiriya a bakin ƙofa take. Ka bar duwatsun Taka a bayanka, ka kama hanyar Tesenai, ka shiga ke nan.

Ina ɗan makarantar allo a 1967 mutane suka fara kwararowa daga Eritiriya, akasari 'yan ƙabilar Bani Amir, mata da goyo, tsofaffi bisa raƙuma. Sojojin Habasha sun bi ƙauyukan yammacin ƙasar suna cinna musu wuta, wai su ke ciyar da 'yan tawaye. Baba ya sa aka kwashe albasar da ke ɗakin zaure, ya sauki wata tsohuwa da jikanta, sa'ana. Da Inna ta kawo maganar ƙarancin hatsi, cewa ya yi, "Mu ma fa hanya ce ta ajiye mu a nan." Ba ta sake tayar da zancen ba.

A bakin tsohuwar nan, muna ce mata Iya, na fara jin asalin rigimar, sauran kuma na cike bayan na girma. Italiya ta riƙe Eritiriya tun 1890, Ingila ta ƙwace a 1941, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗaura ta da Habasha a tsarin tarayya a 1952, da majalisarta da tutarta. Sarki Haile Selassie ya yi ta zare igiyar a hankali: aka sauke tutar, aka cusa Amharanci a makarantu, a 1962 ya rushe tarayyar ya mai da ƙasar lardi na 14. Kafin nan jagoran 'yan tawaye Hamid Idris Awate ya riga ya harba harsashin farko a Dutsen Adal, ranar 1 ga Satumba 1961. Ko shekara bai cika ba ya rasu, amma Iya in ta ambace shi sai ka rantse jiya suka rabu.

Ƙungiyar da ta ɗauki yaƙin Jabha ake ce mata, kuma a Kasala shugabanninta na fagen daga suka kafa zango. Abokina, jikan Iya, yana gama tasawa ya bi su, ko sallama bai yi wa kakarsa ba.

Abin da har yau ke ci min rai shi ne yadda ya dawo. 'Yan gwagwarmayar sun dare gida biyu, Jabha da Sha'abiya, suka juya bindiga kan juna alhali dakarun Mengistu, shugaban mulkin sojan Habasha, na tsaye a kansu. A 1981 Sha'abiya ta koro Jabha har cikin Sudan, hukuma ta karɓe musu makamai a bakin iyaka. Da sanda ya shigo gidanmu yana jan ƙafa. Na tambaye shi ko Habashawa ne. Ya ce, "Ɗan'uwa, da su ne da na yi alfahari."

Sha'abiya dai ita ta kai gaci. Ta riƙe duwatsun Nakfa, ta murƙushe rundunar Habasha a Afabet a 1988, ta kama Massawa a 1990, ta shiga Asmara ranar 24 ga Mayu 1991. Iya ba ta ga wannan rana ba, a maƙabartar unguwarmu take. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Afrilun 1993 abokina ya jefa tasa a nan Kasala, ya zaɓi 'yanci, amma ya ƙi komawa. Dalilinsa, da yadda har ya zama surukin gidanmu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.