Ni da Kekena a Hanyar Roth

Saura kwana uku in tashi na baje kekena a tsakar ɗaki na kama warware shi. Gasar garin Roth za ni, a jihar Bavariya ta Jamus: iyo kilomita 3.8, tseren keke kilomita 180, sannan gudun yada-ƙanin-wani kilomita 42.2, duk a yini guda. A cikin ukun nan keke ne kaɗai zai iya cin amanarka alhali jikinka garau yake.

Kafin in taɓa noti ko ɗaya sai da na naɗa salatif a sandar sirdi, daidai inda ta shige jikin keken, na kuma ɗauki hoton sandunan gaba biyu da ake kwantar da gwiwar hannu a kansu. Watanni na yi ina neman zaman da ya dace da ni, kuma in sirdi ya sauka ko da santimita ɗaya ne, gwiwa za ta ba ka labari can tsakiyar tsere. Sarƙa kuwa tun makonni uku baya na canza ta, da ma'auni ya nuna ta miƙe ta kai 0.5, wato matakin da ake canza ta, don ba na shiga gasa da abin da ban gwada ba. Fedar hagu ta sha mini kai kamar kullum, sai da na tuna zarenta a juye yake. Abu ɗaya na yi wa ƙyuya: ban cire na'urar canza giya ta baya ba. Na ce ai akwatin da zan sa keken a ciki da ƙwari.

A filin jirgin Nürnberg na fi rabin awa tsaye wajen karɓar manyan kaya. Da akwatin ya fito, gefe guda ya lotsa. Haka na ja shi na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa babbar tasha, daga nan na hau na Roth, ina ta ba fasinjoji haƙuri don na tare musu hanya.

Ranar Alhamis na haɗa keken a masauki. Salatif ɗin nan ya yi mini rana. Notunan da ke riƙe da sassan kabon, wato kayan nan marar nauyi da ake ƙera kekunan tsere da shi, na ɗaure su da sifana mai awon ƙarfi, ban wuce adadin da aka rubuta a jikinsu ba, saboda kabon ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake yi. A ido komai ya zauna daram. Da na hau hanyar garin Hilpoltstein da ke kusa sai na ji sarƙa na ƙas-ƙas, tana tsallake giya. Na sauka na tsuguna ta bayan keken, na runtse ido ɗaya. Ashe ɗan ƙarfen nan da na'urar giya ke rataye a jikinsa ne ya karkace ciki, wajen wayoyin taya. Da gangan ake yin sa da taushi domin shi ya lanƙwashe a madadin jikin keken. Da na saka giya mafi sauƙi a kan tudu a haka, da na'urar ta faɗa cikin wayoyin, tafiya ta ƙare ke nan.

Sa'ar da na ci, akwai wani sabo a jakar kayan gyara, kusa da tif biyu da ƙaramin famfo. Kusan kowane samfurin keke da irin nasa, shi ya sa ba na tafiya babu shi. A bakin hanya na canza, hannu duk baƙin mai, na daidaita giyoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan na je na gwada su a tudun Solar, wani tudu a Hilpoltstein da tseren keken ke bi ta kansa. Ba kowa a wurin sai wasu 'yan tsere irina.

Asabar muka kai kekuna wajen ajiya a bakin mashigin ruwan da ya haɗa kogin Main da na Danub, inda za a yi iyon. Aka duba birki da hular kwano. Na bar shi a giya mai sauƙi, don wanda ya fito daga ruwa ƙafarsa ba ta da ƙarfin taka mai nauyi. Iskar taya sai asubar Lahadi na cika, na goge sarƙar da raɓa ta jiƙa.

Da na iso tudun Solar a zagayen farko na tseren ban gane shi ba. Jama'a sun cika titi maƙil, sai ka zo dab da su suke darewa, hanyar da suka bari ba ta wuce ta keke ɗaya ba. Cikin wannan ihu na danna giya ta ƙarshe, kunnena na kan tayar baya. Sarƙa ta hau shiru.