Lambun Buhu a Wata na Biyar: Na Koma Tambayar Tukunya

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon lambun tsakar gida. Kwana biyu kun ji ni shiru. Ba lalaci ba ne, kunya ce. Tumatirin da na cika muku kunne da labarinsa a watan Agusta, buhu 8 cif, yau saura 2, su ɗin ma sai dai a ce sannu. Na yi ta jiran in sami abin kirki da zan faɗa, sai ga shi hunturu ya kankama a Zariya, hazo ya rufe Dutsen Kufena ko daga kan bene ba a hango shi, ni kuwa ban rubuta komai ba. Yau dai na ɗauko littafin da yara ke rubuta awon shuka a ciki, na zauna a rana ina shan hantsi, na ce ko da daɗi ko babu sai na ba ku lissafi.

Da buhu 15 na fara: 8 tumatir, 3 latas, 2 kuɓewa, 2 alayyahu. Ku dubi wannan rabon kawai za ku gane cewa ido ne ya yi shi, ba ciki ba. Hotunan jajayen tumatir da nake gani a waya ne suka ruɗe ni. Latas ɗin ko sati uku bai yi ba ruwan Agusta ya narkar da shi. Tumatirin ya tashi da kyau, har na fara yi wa maƙwabta alƙawari, sai ganyen ƙasa suka fara ɗigo-ɗigon baƙi, suka koma rawaya, ciwon ya dinga hawa sama. Biyu kuma cikin kwana ɗaya suka yi yaushi alhali ƙasarsu jiƙe take sharkaf. Daga baya wani dattijo mai sayar da kayan miya a kasuwar Sabon Gari, wanda shi kansa yana noman rani a fadamar Galma, ya yi min dariya ya ce, "Hajiya, mu da muka gaji abin ba ma dasa tumatir a tsakiyar damina sai da magani a hannu. Sai ruwa ya ɗauke muke dashe." Tumatir yana son rana da sanyin dare, ba ya son ruwa ya kwana a ganyensa.

Amma ba wannan ne ya juya min tunani ba. Surukata ce. Ta zo mana kwana uku a watan Oktoba, ta zagaya buhunan da sandarta ba ta ce uffan ba, sai da muka zauna tsintar wake ta ce, "Ke 'yar nan, jiya me kuka ci da dare?" Na ce tuwon masara da miyar kuɓewa, Hajiya. "Shekaranjiya fa?" Na ce fate. "To a cikin buhunan can wanne ne ya shiga tukunyar?" Na yi shiru, domin yakuwar faten da alayyahun da lawashin duk aiken yaro na yi bakin titi. Alayyahuna buhu 2 ne kacal, na riga na yanke shi tun makon da ya wuce.

A daren na ɗauki biro na rubuta abin da muke ci a mako, ba abin da nake so a ce muna ci ba. Fate sau 2, kun san mu Zagezagi, duk tsokanar da Kanawa za su yi mana ba za mu bari ba. Tuwo kusan kullum da dare, miyar tana juyawa tsakanin kuka, kuɓewa, taushe da ganye. Ɗanwake ranar Asabar. Shinkafa da wake da mai da yaji sau 2. Kwaɗon zogale ko na rama in an samu. Dafa-duka ranar Juma'a. Da na ja layi ƙarƙashin duk abin da ake iya shukawa a buhu, ganye ne ya fito sau tara ko goma: yakuwa, alayyahu, lawashi, zogale, rama. Shi kuma ganye abu ne da ake bukata kaɗan-kaɗan kullum, in ka saya da safe kafin la'asar ya langaɓe. Tumatir fa? Ko da nawa ya yi kyau, a lokacin da zai nuna, wato Janairu zuwa Fabrairu, a lokacin ne kwandunan 'yan fadama ke cika kasuwa har ana roƙon mai saye. Ashe wahalar ban ruwan wata uku zan sha don in sami abin da ya fi araha a ranar da na same shi. Gara in sayi kwando a lokacin, in yanka in shanya kauɗa, in ajiye wa bazara.

Yanzu buhuna 21 ne, kuma 14 daga ciki ganye ne.

Alayyahu shi ne ɗan halak. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, in kika yafa shi haka nan zai fito cunkus a wuri ɗaya, don haka ina cakuɗa ɗan kaɗan da yashi cikin tafin hannu kafin in watsa. A damina mako 3 zuwa 4 ya isa yanka, yanzu da sanyi yana kai mako 5. Dabarar da ta fi yi min amfani ita ce daina shuka shi rana ɗaya. Buhu 6 na ware masa, duk Asabar ina shuka ɗaya, kafin in zagayo na farkon ya huta an ƙara masa taki. Kuma ba na tumɓukewa, ina yanka ne in bar kamar tsawon yatsa, sai ya sake tofo sau biyu kafin ya fara fitar da kai.

Yakuwa ta koya min wani abu da ban taɓa ji ba. Wadda na shuka a ƙarshen Agusta ta yi tsawo har ƙugu, ganye fal. Wadda na shuka a Nuwamba ko taƙi biyu ba ta kai ba ta fara fure, ganyenta 'yan firit. Na ɗauka taki ne ya yi kaɗan, na ƙara, a banza. Ashe ita yakuwa da 'yar uwarta rama tsawon yini suke bi: da zarar yini ya fara gajarta sai su bar yin ganye su koma fure da 'ya'ya. Shi ya sa ake samun zoɓo da kaka. To wadda ke son yakuwar fate har rani, ta shuka da yawa da damina ta shanya a inuwa. Ni na makara bana, abin da na shanya bai fi rabin bokitin fenti ba, ina ta tattalinsa kamar kuɗin adashe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɓewa ma ba ta son wannan sanyin. Ta damina ta fara 'ya'ya wajen kwana 55, muna tsinka duk bayan kwana biyu, domin in ta kwana huɗu ta zama itace. Wadda na sake shukawa a farkon Disamba, duk da na jiƙa irin ya kwana a ruwa, sai da ta yi kwana 12 kafin ta leƙo, kuma har yau tana nan a tsugune. Na bar ta sai zafi ya dawo.

Lawashi kuwa kyauta ne. Ƙananan albasar da suka fara tsiro a kwandon kicin nake binnewa, cikin kwana 10 an sami na fate.

Ga amsar wadda ta tambaye ni kwanaki yadda nake haɗa ƙasar buhu: kwano 2 na ƙasa, 1 na ruɓaɓɓen taki, 1 na yashi, a huda gindin buhu wuri biyar ko shida, a ɗora a kan bulo ko duwatsu. Jar ƙasar unguwarmu in ta bushe sai ta ƙame kamar daɓe, in babu yashi ruwa a sama yake tsayawa. Na ce ruɓaɓɓen taki, ku riƙe wannan. Na taɓa kwaso kashin kaji ɗanye daga akurki na zuba wa buhu 2, kwana uku ganyen suka ƙone ƙurmus. Yanzu a rami nake tara shi da sharar ganye da toka kaɗan, ina yayyafa ruwa ina juyawa, sai ya yi wata biyu ya daina wari da ɗumi. Buhun kansa ma rana na cinye shi, na farko sun fara yagewa in an taɓa, don haka wanda na sa wa zogale na mayar da shi cikin tsohuwar roba.

Ruwa shi ne abin da ke hana ni barci. Famfo sai ya ga dama, rijiyarmu kuma kowace shekara ƙasa take yi daga Maris. A yanzu jarka 2 masu lita 25 lambun ke sha a rana, iskar hunturu na busar da buhu ta kowane gefe. Na rage da abu biyu. Na rufe saman kowane buhu da buntun shinkafa, na kuma ajiye baho a wurin alwala. Gida mai mutum shida, salla biyar, za ku yi mamakin abin da ke taruwa. Da shi da ruwan wankin shinkafa da na tsaki duk lambu suke tafiya. Ruwan wanki mai omo ne kawai ba na zubawa.

Sai maganar masu ƙafa huɗu da masu fiffike. Magenmu, wadda muka kawo saboda ɓeraye, ta ga buhun da aka cika da ƙasa mai laushi ta ɗauka masai aka gina mata. Sau uku tana tone min reno. Ban da ɓarna akwai haɗari, domin kashin mage na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke yi wa mai juna biyu illa, ga shi ganye ne da wani lokaci ake ci a kwaɗo. Na kafa tsinkayen tsire a saman kowane sabon buhu, tazarar yatsu uku, na kuma zuba mata yashi a tsohon faranti can bayan ɗaki. Ta yi fushin kwana biyu ta haƙura. Kaji 5 da zakara ɗaya kuwa ba su san haƙuri ba. Rana ɗaya aka manta ƙofar akurki, muka dawo daga suna muka tarar da alayyahun buhu 3 sai kara. Yanzu na kewaye lambun da tsohon gidan sauro, wanda ya raba ni har da ƙadangaru masu cinye tsiro. Na kuma sa musu rigakafin Lasota a ruwan sha tun farkon sanyi, don lokacin nan ne cutar da ke kwashe kaji take shiga gida-gida. Maigida na so mu ƙaro masu ƙwai irin Shika Brown, waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke nan Shika ta samar, na ce a bari sai mun ga yadda za mu ƙare da kuɗin dusa. Zakaran dai Auta ya ɗauke shi aboki, shi ke ba shi tsaki da hannu. Na fara shirya masa zuciya tun yanzu, don sabo da kaza ba ya hana yanka.

Yaran biyu ƙanana a gida nake koya musu boko da safe tun da kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai a 2023, da yamma su tafi Islamiyya. Ni ba malama ba ce, kuma akwai ranakun da karatun ke ƙarewa da kuka, nasu ko nawa. Amma lambun ya ɗauke min rabin darasin lissafi. Duk Litinin da Alhamis 'yar shekara takwas ɗin tana auna tsawon shuka da rula ta rubuta, ƙaninta yana ƙirga ganye. Darasin da ya fi armashi shi ne gwajin iri. Na sayi irin tattasai ƙulle a leda a bakin kasuwa, sai muka ƙirga ƙwaya 10 muka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma muka sa a kwano muka rufe. Bayan kwana 12, guda 4 suka tsira. Da kanta ta gano cewa kashi 40 cikin 100 ke nan, ta ce, "Umma, ashe an cuce mu fiye da rabi." Abin ya ba ni dariya ya kuma ba ni kunya, a ce muna garin da cibiyar binciken aikin gona ta IAR ta Samaru take, inda ake fitar da irin wake na SAMPEA da masarar SAMMAZ da gyaɗar SAMNUT ga ƙasa baki ɗaya, amma ni ina sayen iri ba suna ba tarihi. Daga yanzu ba abin da zai shiga buhu sai ya bi ta tsumma. Littafin nasu ya kuma zama na koyon rubutun Hausa: a nan ta bambance ƙasa da kasa, bayan ta rubuta cewa "mun zuba kasa a buhu" na tambaye ta ko macijin bai sare ta ba.

Tumatir biyun da suka rage sun yi fure, ɗaya har da 'ya'ya 7. Shekaranjiya na ga wasu fararen tabo a ganyen kamar an kankare cikinsa an bar fatar, na ɗaga a rana sai ga 'yar tsutsa a ciki. Ina zargin tsutsar nan ce da manoma ke kira Sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano a 2016 har kwando ya gagari mutane. Na tsinke duk ganyen da ta taɓa na ƙone. Na daka ganyen dogonyaro na jiƙa ya kwana, na tace na ɗiga ɗan ruwan sabulun wanka, ina fesawa da yamma bayan rana ta yi sanyi. Yana korar ƙananan ƙwarin da ke manne a bayan ganyen kuɓewa, amma tsutsar da ta riga ta shige cikin ganye ban ga yana kai mata ba. Wata maƙwabciya ta ce in ɗiga fiya-fiya. Don Allah kada wadda ta yi haka a kan abin da yara za su ci.

Wannan Asabar ɗin layin buhu na huɗu ne na alayyahu. Zan kuma sare kan zogalen daidai ƙugu don ya yi rassa, in gwada latas a karo na biyu tunda yanzu ne lokacinsa, buhu ɗaya tak, don a jerin abincinmu ranar shinkafa da wake kawai yake da gurbi. In akwai wadda ta taɓa samun yakuwa mai ganye a tsakiyar rani, ta faɗa min watan da ta shuka da irin da ta yi amfani da shi.