Auna ɓarnar DNA a Katsina: abin da aikin ya koya mini

Aikina shi ne bin diddigin yadda DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, ke lalacewa a cikin ƙwayoyin jiki, da yadda jiki ke gyara shi, da yadda gazawar gyaran ke kai mutum ga cutar daji. Ɗalibai masu neman digiri na biyu sukan tambaye ni, "Malam, wannan fanni zai yiwu a Katsina kuwa?" Zai yiwu, amma da sharaɗi guda: sai mutum ya iya rarrabe ɓarnar da ta zo daga jikin wanda aka ɗebi jininsa da ɓarnar da zafin gari, ko jinkiri, ko hannun mai gwajin ya jawo.

Tun shekarun 1970 Tomas Lindahl ya nuna cewa DNA ba shi da ƙarkon da ake zato. DNA jeri ne na haruffan sinadarai huɗu, A, C, G da T, kuma a kowace ƙwaya ɗaya, haruffa kusan 10,000 ne ke faɗuwa daga jikinsa kullum, ruwa da ɗumin jiki kawai ke yin wannan. Kamar ginin ƙasa yake, yawan yaɓe ne ke riƙe da shi. Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar ɗan Turkiyya sun sami kyautar Nobel a 2015 saboda bayyana hanyoyin gyara uku: cire harafi guda da ya lalace, gyara kuskuren da aka yi wajen kwafi, da yanke guntun zare gaba ɗaya idan wani abu mai girma ya manne masa.

Hanya ta ukun ce ta fi shafar mu, kuma daga nan na zaɓi tambayar bincikena. Gyaɗa da masarar da aka zuba a buhu ko a rumbu ba su gama bushewa ba suna yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da gubar afalatoksin B1. Hanta, a ƙoƙarinta na sarrafa gubar, tana mayar da ita wani sinadari da ke manne wa harafin G. Idan ba a yanke wurin ba kafin ƙwayar ta rabu, G ya koma T. A ƙwayar gado ta TP53, wadda ke tsayar da ƙwayar da ta lalace, wannan sauyi yana da wurin da ya fi faɗawa, wato kodon (rukunin haruffa uku) na 249, inda AGG ke komawa AGT. A 1991 aka ba da rahoton hakan a sankarar hanta daga Qidong ta ƙasar Sin da kuma kudancin Afirka, daga baya aka same shi a jinin masu cutar a Gambiya. Idan gubar ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin yana ninkuwa sosai. Duka biyun muna da su a ƙasar Katsina. Ina ganin ɗalibin da ya bar wannan ya je yana kwaikwayon binciken da aka tsara don mutanen wata nahiya ya yi asarar abin da ke gabansa.

Gwajin da na fi dogara da shi wajen auna tsittsinkewar DNA shi ne na tauraruwa mai wutsiya, wanda Ostling da Johanson suka fara a 1984, Singh da abokan aikinsa suka inganta a 1988. Ana binne fararen ƙwayoyin jini a cikin agaros, wani sinadari mai daskarewa kamar jeli, a kan gilashi, a narke fatarsu, a ja DNA ɗin da lantarki. Wanda yake lafiya ya tsaya a dunƙule, wanda ya tsittsinke ya miƙe ya yi wutsiya. Gwajin ba shi da tsada in ban da madubin duba ƙwayoyi mai hasken fuloresan.

Daga jini ake farawa: mililita 5 a kwalba mai EDTA (sinadarin hana jini gudajewa), mai murfi shunayya. A rubuta lokacin da aka ɗiba, da sa'a da minti, a jikin kwalbar. Idan daga Daura aka ɗebo, tafiyar kusan kilomita 80 ce, sai a sa a kula mai ƙanƙara, amma a naɗe kwalbar da auduga ko kwali don kada ta taɓa ƙanƙarar. Jinin da ya daskare ƙwayoyinsa sun fashe, kuma zai ba da wutsiya mai tsawo ko da mai shi lafiyarsa ƙalau. Ina so a fara aiki a kansa cikin sa'a 4. Wajen ware fararen ƙwayoyin, a zuba jinin a hankali a kan ruwan Ficoll mai rarraba ƙwayoyin jini, a juya minti 30 a injin juyawa a ƙarfin 400 g (ninki 400 na ƙarfin jan ƙasa), a kashe birkin injin. Idan birki na kunne, farin layin da ake nema zai hautsine da sauran.

A nan ne bazara ke shigowa. Agaros mai saurin narkewa, wanda ake haɗawa kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100, sai zafi ya sauka ƙasa da digiri 30 yake daskarewa. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su damu da wannan ba, amma a watan Afrilu a Katsina, idan ka ajiye gilashin a kan tebur zai zauna ruwa-ruwa har ka gaji. Sai a shimfiɗa farantin ƙarfe a kan ƙanƙara, a jera gilasan a kai minti 5 zuwa 10. Kafin nan kuma a tabbata agaros ɗin ya huce zuwa digiri 37 kafin a zuba ƙwayoyin, domin wanda ya fi haka zafi zai ƙona su. Ƙwaya 10,000 zuwa 20,000 a maikurolita 75 sun isa. In sun fi haka, wutsiyoyin za su hau juna ba za a iya auna su ba. Gilashin kuwa a shafe shi da agaros na yau da kullum kashi 1 cikin 100 tun jiya ya bushe, in ba haka ba abin zai sulluɓe a cikin ruwa.

Ruwan narke fatar ƙwaya, a lita guda: gishiri giram 146, EDTA giram 37.2, Tris giram 1.2, a kai pH (ma'aunin tsami) 10. EDTA ba ya narkewa sai an ɗaga pH da sodiyam haidaroksaid, don haka a daina ɓata lokaci ana ta motsawa. Triton X-100, wani irin sabulu ne, kashi 1 cikin 100 sai ranar aiki ake ƙarawa. Gilasan su zauna a ciki aƙalla sa'a guda a digiri 4. Daga nan a mayar da su ruwa na biyu, sodiyam haidaroksaid giram 12 a lita da EDTA milimola 1, pH sama da 13, na minti 20 zuwa 40 don zaren biyu su warware. Sai a kunna lantarki minti 20 zuwa 30. Mutane sukan haddace "bolt 25, miliyamfa 300", amma abin da ke jan DNA shi ne bolt nawa ne a kowace santimita, 0.7 zuwa 1, kuma wannan ya danganta da tsawon akwatinka. A auna. A kewaye akwatin da ƙanƙara, a rage hasken ɗaki. Ni da inbata nake wannan mataki, domin idan wuta ta ɗauke a minti na 12 aka tada janareta aka ci gaba, waɗannan gilasan ba za a kwatanta su da na jiya ba, zubarwa ake yi. Bayan nan a wanke da Tris mola 0.4 a pH 7.5, a rina, a duba ƙwaya 50 zuwa 100 a kowane gilashi, a lissafa kashi nawa na DNA ne ke cikin wutsiya.

Da hunturu matsalar ƙura ce. Tana haske a ƙarƙashin madubin, manhajar kwamfuta kuma ta ƙirga ta a matsayin ƙwaya. A tace duk ruwaye, a rufe gilasai a akwati.

Babban abin da na koya bai shafi sinadarai ba, tsarin aikin ya shafa. Idan majinyata daga asibitin cikin gari suke, masu lafiyar da za a kwatanta da su kuma daga ƙauye mai nisa, bambancin da za ka gani na hanya ne. Haka idan ka yi gwajin majinyata a Janairu, na masu lafiya a Afrilu, bambancin na yanayi ne. A gauraya su a akwati ɗaya a rana ɗaya, kuma wani daban ya manna lambobi don mai dubawa kada ya san na wane ne, saboda ido yana ganin abin da zuciya ke so. A kowane zagaye a sa ƙwayoyin da aka jiƙa da gangan a haidarojin feroksaid maikuromola 50 zuwa 100 na minti 5 a kan ƙanƙara. Ranar da waɗannan ba su yi wutsiya ba, gwajin ne bai yi aiki ba. A tambayi kowa kuma game da taba, da hayaƙin itace, da zazzaɓin cizon sauro na kwanan nan, domin duk suna iya motsa sakamakon.

Fassarar ma tana da tarko. Doguwar wutsiya ba kullum take nufin ɓarna mai yawa ba, domin ƙwayar da ke tsakiyar gyara sai ta yanke zaren kafin ta cike, kuma wannan yankan yana fitowa a wutsiya. Mai son auna ƙarfin gyara sai ya lalata ƙwayoyin da kansa, ya mayar da su digiri 37, ya riƙa ɗiba a minti 0, 15, 30 da 60 yana kallon yadda wutsiyar ke guntucewa. Kuma gwajin ba ya faɗin abin da ya yi ɓarnar. Mai son ya ce afalatoksin ne sai ya auna shi: wanda ya manne wa furotin albumin a jini yana nuna cin wata biyu zuwa uku da suka wuce, nau'in M1 na gubar da ke fita a fitsari kuwa na kwana ɗaya ko biyu ne.

Neman sauyin kodon na 249 ya fi sauƙi fiye da yadda ake tsammani. A ninka sashe na 7 na TP53 da PCR, wato hanyar kwafar guntun DNA sau da yawa, a yanka da inzayim HaeIII, sinadari mai yanka DNA a inda haruffan GGCC suke. Sauyin yana share wannan wuri, don haka zaren da ya sauya ba ya yankuwa a nan. Amma inzayim ɗin da ya sha zafi a hanya shi ma ba ya yanka, sai kowa ya fito kamar yana da sauyin. Dole a sa DNA na mai lafiya a gefe, kuma duk wanda ya fito da alama a aika a karanta haruffansa.

Idan da tsokar da aka yanko a tiyata za a yi aiki, a yi magana da likitan tun kafin a shiga. Ta shiga fomalin, ruwan hana tsoka ruɓewa, kashi 10 cikin 100 mai daidaitaccen pH cikin sa'a guda, ruwan ya ninka tsokar aƙalla sau 10, ta fito cikin sa'a 6 zuwa 72. Wadda ta yi makonni a ciki DNA ɗinta ya farfashe, kuma fomalin kansa yana sa C ya fito kamar T, a ɗauka sauyin cuta ne alhali kwalba ce ta yi shi.

Kafin duk wannan akwai izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da takardar yarda cikin Hausa da za a karanta wa wanda bai iya boko ba. Nakan nuna kwalbar in ce, "Baba, cokalin shayi ɗaya ne, kuma idan ba ku so ba dole." Tunda muna gwada ciwon hanta nau'in B, wanda aka samu da shi haƙƙinsa ne a gaya masa a keɓe, a haɗa shi da likita, a ce ya kawo iyalinsa a gwada su. Rigakafin yana cikin alluran yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farko ana son a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa. Nakan ƙara da cewa a shanya gyaɗa a kan tamfol ta bushe sarai kafin a ɗure, a tsince waɗanda suka yi baƙi ko suka motse a zubar, kada a mayar da su ƙuli-ƙuli, domin suya ba ta kashe gubar.