Zaman ɗakin kwanan ɗalibai a Kano: ruwa, wuta, da wanda zai lura da kai

Wanda ya sami gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ko a tsohuwar Jami'ar Bayero ta Kabuga ko a sabuwar da ke kan titin Gwarzo, yakan ɗauka ya gama da matsala. Gado kam ya samu. Amma lafiyarsa da kwanciyar hankalinsa na zangon karatu sun rataya a kan abin da 'yan ɗakin suka shirya a makon farko, tun kowa yana jin kunyar kowa. Idan aka bari sai an saba, maganar shara ma sai ta zama faɗa.

A fara da ruwa. Mutum ɗaya yana buƙatar aƙalla lita 20 a rana don sha, girki, alwala da wanka, wato jarka guda. Ɗaki mai mutum shida yana son jarka shida kenan, kuma tanki ba ya cika sai an sami wutar da za ta tura ruwa daga rijiyar burtsatse. A raba aikin ɗiba mutum biyu-biyu, a riƙa ɗiba da asuba kafin layi ya yi tsawo. Jarkar sha daban, mai murfi, kuma tsiyayawa ake yi, ba a tsoma kofi. Da damina, lokacin amai da gudawa, a tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. Idan gudawa ta kama wani, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana hanyar asibitin makaranta. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika gishiri, wanda ke ƙara wa mara lafiya wahala.

Wuta ita ce abin da ya fi ba ni tsoro. Soket ɗaya na am 13 yana ɗaukar wajen wat 3,000 ne kawai. Butar lantarki takan ci wat 2,000, rishon lantarki kuma tsakanin 1,000 da 1,500, to ka ga su biyun sun riga sun kai kima ko ma sun wuce ta tun ba a jona dutsen guga ba. Wayar jone ta araha kuwa siririya ce, tana ɗumama tun kafin a kai wannan adadin, robar ta narke a ƙarƙashin katifa ba wanda ya gani. Gobara takan tashi a irin wannan yanayi: an ɗauke wuta, an bar hita a cikin bokiti ko risho a jone, kowa ya tafi lakca, sai wuta ta dawo. Shi ya sa hukumomin makarantu ke hana waɗannan kaya. Dokar ɗaki ta zama cewa da an ɗauke wuta a zare komai daga bango, kuma na ƙarshen fita ya sake dubawa.

Kuɗin cizo ba ya zuwa don ƙazanta kawai, a katifa da jaka yake tafiya. Ana gane shi da baƙaƙen ɗigo a ɗinkin katifa da mahaɗar gadon ƙarfe. Zafi ke kashe shi, don haka a zuba tafasasshen ruwa a mahaɗar gado, a wanke zanin gado da ruwan zafi, a shanya katifa a tsakar rana. Sai an maimaita bayan mako ɗaya zuwa kwana goma, don ƙwan da suka tsira za su ƙyanƙyashe, kuma duk ɗakin a rana ɗaya, in ba haka ba ƙaura kawai zai yi zuwa gadon maƙwabci. Fiya-fiya da Sniper guba ne na gona. Fesa su a rufaffen ɗakin da za a kwana a cikinsa ganganci ne. Gidan sauro kuma a cusa gefensa ƙarƙashin katifa.

Cunkoso yana da nasa lokacin. Karɓar ɗan raɓe, wato ɗalibin da bai sami gado ba, taimako ne, kuma da wuya Bahaushe ya ce wa ɗan garinsu a'a. Sai dai Kano tana cikin yankin sanƙarau, kuma daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a watan Afrilu, ɗakin mutum huɗu da ya koma na goma haɗari ne. A bar tagogi a buɗe. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba a jiran safiya da su, ba a kuma ce maleriya ce a sayo magani a kemis. Ɗalibin da ya biya kuɗin inshorar lafiya ta TISHIP a rajista ya je ya buɗe katinsa tun yana da lafiya.

Karo-karon abinci yana rage kashe kuɗi sosai: garau-garau na mutum shida a tukunya ɗaya ya fi sauƙin mai da gas a kan tukwane shida. A rubuta abin da kowa ya kawo, amma a bar ƙofa ga wanda kuɗinsa bai iso daga gida ba, ya biya da wanke-wanke ko ɗiban ruwa ba tare da an yi masa gori ba. Barci ma a yanke masa lokaci: fitilar ɗaki ta mutu da ƙarfe goma sha biyu, mai karatun dare ya tafi aji.

Akwai abin da malamin aji ba zai gani ba sai abokin ɗaki. Wanda ya daina zuwa lakca da jam'i, yana kwana da rana, ya daina cin abinci da mutane, ko ya fara shan tiramol don ya jure karatun jarrabawa, yana buƙatar a zauna da shi. Mutum ɗaya da ya fi yarda da shi ya yi masa magana a keɓe, ba taron dangi ba, ya ce: "Ɗan'uwa, kwana biyu ba na gane maka, me ke faruwa?" Idan ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke magunguna da guba daga ɗakin, a sanar da mai kula da ginin da ofishin kula da harkokin ɗalibai a ranar. Lambar wayar wani daga gidan kowane ɗan ɗaki ta kasance a rubuce a bayan ƙofa, tare da ta asibitin makaranta da ta masu gadi.